Lasifikokin sutudiyo masu amfilifaya a ciki: firiyam za a saya musu ko DAC?

Wani mai aikin tace sauti, wanda ake turo wa muryoyi da kiɗa a fayil ya gyara ya haɗa, ya sayi lasifikokin sutudiyo guda biyu masu wufa (ɓangaren da ke fitar da sauti mai kauri) ta inci 5, irin waɗanda amfilifayarsu ke cikin akwatinsu. Ya ɗora su a teburin aiki, tazarar kusan mita ɗaya daga kunnensa, ya jona su da kwamfutarsa ta tebur da wayar nan mai ƙaramin kai na milimita 3.5 a gefe ɗaya da manyan kawuna biyu a ɗaya gefen. Sauti ya fito da kyau, amma ƙorafinsa huɗu ne. Akwai wata siririyar ƙara kamar kukan sauro da ke tashi duk lokacin da ya motsa linzamin kwamfuta ko ya buɗe bidiyo, da ɗan gurnani a ƙarƙashinta. Akwai huci da ke fitowa daga tuwita, ƙaramin ɓangaren da ke fitar da sauti mai tsini, ko da ba a kunna komai ba. Ƙarfin sauti a kwamfutar ba ya wuce kashi 8 ko 10 cikin ɗari, ya ɗan ƙara kaɗan sai ɗaki ya cika, kuma sau ɗaya wata manhaja ta mayar da shi ɗari bisa ɗari ba zato. Na huɗu, idan ya leƙa baya ya murɗa mamurɗin kowace lasifika don ya rage, sai murya ta karkata gefe ɗaya, domin ba ya iya daidaita biyun da hannu.

Yana kuma son talabijin ɗin da ke ɗakin ya riƙa fita ta lasifikokin, yana son wurin saka hedifon, ba ya ɗaukar murya da makirufo. Tambayar da ya kawo ita ce: firiyam zai saya ko DAC?

Abin da lasifikar ke nema daga baya

DAC na'ura ce da ke karɓar lambobin da kwamfuta ke turowa ta mayar da su sigina ta lantarki. Akwai guda a cikin kwamfutar tun farko, da ita yake ji. Firiyam kuwa, a tsarin sauraro, aikinsa uku ne: zaɓen inda sauti zai fito, ƙara masa ƙarfi, da rage shi. Kada a haɗa shi da firiyam na makirufo ko na faifan garmaho, waɗannan wani aiki suke yi daban.

Abu na farko da aka duba shi ne takardar bayanin lasifikar, ba takardar DAC ba. A bayanta akwai ramin XLR (na kai mai ƙafa uku) da ramin TRS (na babban kai irin na hedifon), da mamurɗi, da ɗan maɓalli mai matsayi biyu: -10 dBV da +4 dBu. Waɗannan ma'aunai biyu ne na ƙarfin sigina. Na farko na kayan gida ne, bolt 0.316 ke nan. Na biyu na kayan sutudiyo ne, bolt 1.228. Tsakaninsu kusan desibel 12. Takardar ta ce idan maɓallin yana kan -10 dBV aka shigar da bolt 0.316, lasifikar za ta ba da desibel 92 a tazarar mita ɗaya. A kan wannan matsayi kuma ya same shi ya bar shi.

Sai aka auna abin da kwamfutar ke fitarwa. Wannan ba ya buƙatar kayan ɗakin gwaji: a cire lasifikokin, a kunna sautin gwaji na 100 Hz a cikakken ƙarfi, a ɗora maltimita, wato mitar auna wutar lantarki, a ma'aunin AC a bakin wayar. Ƙananan mitoci suna karanta irin wannan sauti mai kauri daidai, a sauti mai tsini ne suke ɓacewa. An sami kusan bolt 1. Bolt 1 ya ɗara 0.316 da desibel 10, wato idan kwamfutar ta saki dukkan abin da take da shi, lasifikar za ta nemi kaiwa desibel 102 a gaban fuskarsa. Shi kuwa yawancin aikinsa ƙololuwar sautin ba ta wuce 80. Ke nan ƙarfin ya riga ya yi yawa da sama da desibel 20.

A nan rabin tambayar ya amsu. Lasifika mai amfilifaya a ciki ba ta neman a ƙara mata ƙarfin sigina. Abin da take nema wuri ne mai aminci da za a rage shi, da hanya mai tsabta da zai iso gare ta. Firiyam da ke alfahari da ƙarin desibel 12 ko 20 zai tsananta matsalar ne kawai.

Rarrabe ƙarar guda uku

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara duk ƙarar da ba a so a kira ta "hayaniya", a sayi akwati ɗaya a zaci zai kashe su baki ɗaya. Kowacce da asalinta, kuma gwajin da ke raba su ba ya cin ko minti goma sha biyar.

Da farko aka zare wayar sigina daga bayan lasifikokin aka bar su a kunne. Siririyar ƙarar ta tafi, gurnanin ya tafi, hucin ya tsaya. Aka murɗa mamurɗin baya har ƙasa, hucin bai ragu ba. Wannan ya nuna cewa a cikin lasifikar ake haifarsa, a bayan mamurɗin, a amfilifayar da ke tuƙa tuwita. Babu DAC ko firiyam da zai taɓa shi, komai tsadarsa. An gaya wa mai aikin wannan ƙarara tun kafin ya kashe kuɗi, domin mutane da yawa suna sauya DAC sau biyu sau uku a kan hucin da ba na DAC ba ne. Maganinsa tazara ce: duk lokacin da tazara ta ninka, sautin da ke zuwa kai tsaye yana raguwa da kusan desibel 6. Mai shirin sayen lasifikar da zai zauna dab da ita ya nemi adadin hayaniyar kanta a takardar bayani. Kamfanoni irin su Genelec da Neumann suna rubuta shi, wasu da yawa ba sa rubutawa.

Daga nan aka mayar da wayar, amma aka jona ta da wayar hannu mai aiki da batirinta. Shiru, sai hucin nan kawai. Aka mayar kan kwamfutar tebur, ƙarar ta dawo. Ita wayar siginar ba ta lalace ba ke nan, kuma lasifikar lafiyarta ƙalau.

Ga abin da ke faruwa. Kwamfutar tana da fulogi mai ƙafa uku, kowace lasifika ma haka. Ƙafa ta uku ta haɗa jikin kowannensu da layin ƙasa na gidan. Wayar siginar kuma tana da raga ta ƙarfe da ta lulluɓe ta, ita ma ta haɗa jikin kwamfutar da jikin lasifikar. An sami zobe ke nan: daga kwamfuta ta raga zuwa lasifika, daga lasifika ta soket a koma kwamfuta. Katin hoto da ƙwaƙwalwar kwamfuta suna fizgar wuta a gutsure a gutsure gwargwadon aikin da suke yi, wani ɓangare na wannan dattin yana bin zoben. A waya maras balans, irin tasa mai zaren sigina ɗaya da raga zuwa kowace lasifika, ragar nan ita ce kuma hanyar dawowar sigina, don haka duk abin da ya bi ta sai ya hau kan kiɗan. Lissafin yana da ban mamaki don ƙanƙantarsa. A ce turjiyar da ragar ke yi wa wuta om 0.1 ce, kuma miliamfiya ɗaya tak ke bin ta. Za a sami milibolt 0.1, wato -80 dBV. Lasifikar da ke ba da desibel 92 a -10 dBV za ta fitar da wannan a desibel 22. A ɗaki mai shiru da dare, idan ƙarar ta faɗa tsakanin 1 da 4 kHz inda kunne ya fi kaifi, za a ji ta sarai.

Rage sauti a kwamfuta kuma ba ya rage ta, domin lambobin kiɗan kawai yake ragewa, dattin yana shiga ne bayan an gama da lambobi. Shi ya sa saurarensa a kashi 8 cikin ɗari ya fi kowane hali muni: kiɗa ya sauka da sama da desibel 20, ƙarar tana nan inda take.

An gwada tara fulogin kwamfutar da na lasifikokin a soket ɗaya mai baki da yawa. Gurnanin, wanda ke kan 50 ko 60 Hz na wutar gida da ninkinsu, ya ragu sosai, siririyar ƙarar ta ɗan ragu kawai. Wannan mataki ne mai kyau kuma an bar shi haka. Abin da ba a yi ba, kuma bai kamata kowa ya yi ba, shi ne cire ƙafar ƙasa daga fulogi. Ƙarar za ta iya tafiya, amma ranar da wuta ta taɓa jikin na'urar, ta jikin mutum za ta nemi ƙasa.

Maganin asali waya mai balans ce. Tana da zare biyu na sigina da raga daban. A XLR ƙafa ta 1 raga ce, ta 2 mai zafi, ta 3 mai sanyi. A TRS baki shi ne mai zafi, zobe mai sanyi, gindi raga. Lasifikar tana sauraron bambancin da ke tsakanin zare biyun ne kawai, abin da ya hau kansu tare sai ta zubar. Ko desibel 40 kawai ta zubar, wancan 22 ya koma ƙasa da abin da kunne ke kamawa. Sharaɗin shi ne na'urar da ke turo siginar ita ma ta zama mai balans. Sayen waya mai kan XLR a jona ta da ramin milimita 3.5 ba ya mayar da haɗin mai balans. Akwai kuma wani tarko da ya kamata a sani: idan aka ɗauki waya mai TRS daga ramin sitiriyo aka cusa a ramin balans na lasifika ɗaya, za ta cire dama daga hagu, sai muryar mawaƙi da ke tsakiya ta ɓace, a zaci lasifikar ce ta mutu.

Hanyoyin da aka auna

Firiyam na analog irin na kayan sauraron gida shi aka fara cirewa. Ba ya karɓar USB, don haka dole a ciyar da shi daga ramin nan na kwamfuta ko a sayi DAC daban. Akasarinsu RCA suke fitarwa, wato haɗi maras balans, don haka zoben yana nan. Ƙarin ƙarfinsu kuma ba a bukatarsa.

Na biyu shi ne ƙaramin akwatin rage sauti maras wuta, mai mamurɗi ɗaya babba da ake ajiyewa a tebur. Yana warware ƙorafi na uku da na huɗu, yana kuma rage dattin kwamfutar tare da kiɗan tunda bayan an gama da lambobi yake aiki. Amma zoben da ke bayansa bai tsinke ba, kuma ba ya karɓar talabijin ta wayar haske, wadda ke ɗaukar lambobin sauti da haske maimakon lantarki. Yana da nasa sharuɗɗan. Mamurɗi mai turjiyar om 10,000, a mafi munin matsayinsa, yana nuna wa waya turjiyar om 2,500, wato rubu'insa. Da waya mai mita 3 mai kafasitans (halin riƙe caji) na fikofarad 100 a kowace mita, sauti zai fara dushewa ne a sama da 200 kHz, ba ruwan kunne da wannan. Idan kuwa mamurɗin na om 100,000 ne, da wannan wayar dai, dushewar za ta sauko kusan 21 kHz, tsinin sauti ya fara tafiya. Ga kuma halin mamurɗai masu arha: a farkon juyawa gefe ɗaya yakan riga ɗaya tashi, bambancin yakan kai desibel biyu ko uku. Ga mai tace sauti wannan babbar illa ce, domin zai gyara karkatar da babu ita a fayil.

Na uku shi ne intafes na USB, abin da masu sutudiyo ke kira saun-kad. Yana da mafita mai balans ta TRS, da mamurɗi, da ramin hedifon, da firiyam na makirufo. Da mai aikin yana ɗaukar murya, da nan maganar ta ƙare, domin babu dalilin sayen DAC daban ga wanda zai buƙaci makirufo, kuma DAC ɗin da ke cikin intafes na zamani ya isa. Abin da ya hana a nan talabijin ne. Ƙananan intafes galibi ba su da ramin haske, masu shi kuma sau da yawa na tsarin sutudiyo na ADAT ne, ba tsarin S/PDIF ɗin da talabijin ke fitarwa ba. Ko da ana iya sauya shi, wasu ba sa aiki sai kwamfuta tana kunne, kuma ba su da rimot.

Na huɗu shi ne DAC mai rage sauti a jikinsa, mai mafita ta XLR, mai karɓar USB da wayar haske, mai ramin hedifon da rimot. Wannan ya ɗauke aikin firiyam guda biyu da ake buƙata, zaɓe da ragewa, ya bar na ukun da ba a so. Wayar haske ta TOSLINK ba ta da ƙarfe a ciki, don haka talabijin ba zai kawo nasa zoben ba, alhali talabijin na cikin manyan masu kawo gurnani ta wayar eriya. Shi aka zaɓa.

Akwai hanya ta biyar da ba ta shafi waɗannan lasifikokin ba amma ta shafi mai shirin saye: wasu lasifikoki suna karɓar lambobi kai tsaye, kamar Genelec 8330A ta AES/EBU ko Neumann KH 120 II ta S/PDIF. A irin wannan hali DAC na waje ba dole ba ne.

Abin da aka duba a jikin DAC ɗin, da abin da aka ƙi dubawa

Mai aikin ya zo da jerin sunayen cif, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin DAC, da yake gani a talla, yana son sanin wanne ya fi daɗin sauti. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Yawancin DAC masu XLR suna fitar da bolt 4 a cikakken ƙarfi, ta RCA kuma bolt 2. Bolt 4 shi ne +12 dBV, ko +14.3 dBu. Idan aka bar lasifikar a -10 dBV, za a nemi ta ba da desibel 114, abin da wufar inci 5 ba za ta iya ba, kuma takardarta ta ce a wannan matsayi bakin shigarta yana cika ne a bolt 2. Idan aka mayar da ita +4 dBu, lissafin ya sauko kusan 102, kuma bakin shigar yana ɗaukar har +20 dBu, saura desibel 6 na sarari. Maɓallin da ya zo da lasifikar kyauta ya yi aikin da ake shirin sayen akwati a kansa.

Yanzu a ɗauki DAC mai faɗin desibel 120 tsakanin ƙololuwarsa da hayaniyarsa. Idan ƙololuwar ta zama desibel 102 a ɗaki, hayaniyar tana desibel 18 ƙasa da sifili, wato ƙasa da inda kunne ke fara ji. Mai faɗin 110 tasa tana 8 ƙasa da sifili. Ɗaki mai shiru kansa yana da desibel 25 zuwa 30, lasifikar kuma tana da hucinta. Duk biyun ba za a ji su ba. Bugu da ƙari, lasifikokin nan suna da sarrafa sauti na lambobi a ciki, wato siginar da DAC ya turo suna sake mayar da ita lambobi kafin su raba ta tsakanin wufa da tuwita. Duk tsabtar da ta wuce ta na'urar da ke cikinsu a bakin ƙofa za ta tsaya.

Wannan lissafin ne kuma ke amsa tsoron da ake yi wa rage sauti ta lambobi. Gaskiya ne kowane desibel 6 da aka rage daidai yake da bit ɗaya na lambobin sauti. A zamanin da ake lissafin a bit 16, mai faɗin desibel 96, ragewa da yawa tana cin kiɗan. DAC na yanzu yana lissafi a bit 24 ko 32, kuma hayaniyarsa ba ta tashi don an rage sauti, tana nan a ƙasa da sifilin da aka lissafa. Matsalar tana zuwa ne idan ƙarfin lasifika ya yi yawa har ana rage desibel 50 ko 60 kullum. Gyaran wannan a bayan lasifika yake.

Abubuwan da aka tsaya a kansu ba sa fitowa a babban rubutun talla. Ya riƙa tuna matakin sauti bayan an ɗauke wuta, ko ya tashi a ƙasa, kada ya tashi a cike. Ya nuna matakin da lambar desibel, domin a iya komawa wuri ɗaya kullum. Ya riƙe matakin hedifon daban da na lasifika. Ya toshe mafitarsa lokacin kunnawa da kashewa. Ya kasance da direban ASIO, manhajar da ke haɗa na'urar da manhajojin tace sauti kai tsaye, idan Windows ake amfani da shi. Windows 10 yana gane tsarin USB Audio Class 2, wanda irin waɗannan DAC ke amfani da shi, da kansa tun sigar 1703 ta shekarar 2017, amma manhajojin tace sauti sun fi zama lafiya da ASIO. A macOS Core Audio ya wadatar. Jinkirin fitowar sauti bai dame mu ba a nan: mai tace fayil ba ya jin sa yadda mai rera waƙa a makirufo zai ji.

Haɗawa da saiti

An sayi wayoyin XLR biyu, mace a gefen DAC, namiji a gefen lasifika, mita 2 kowacce. An kashe lasifikokin, aka mayar da maɓallinsu +4 dBu, aka kai mamurɗansu ƙarshen sama duka biyun, domin ƙarshe ne wuri ɗaya da za a tabbata sun yi daidai. Kafin a kunna su aka shiga saitin DAC ɗin. Ya zo daga kwali a yanayin mafita tsayayya, wato bolt 4 kullum ba tare da mamurɗi ya yi aiki ba, wanda aka tanada don masu firiyam a gaba. Da an kunna kiɗa a haka, da lasifikokin sun sha cikakken ƙarfi. Aka sauya shi zuwa yanayin ragewa, aka sa -50 dB, sannan aka kunna lasifikokin. Wannan saiti yana da kyau a sake duba shi duk bayan sabunta manhajar na'urar ko mayar da ita saitin kamfani.

A kwamfuta aka sa sauti ɗari bisa ɗari, bit 24, 48 kHz, aka kashe ƙararrawar sanarwa da duk wani ƙarin gyaran sauti na tsarin. Tunda kwamfutar tana cike koyaushe, babu manhajar da za ta sake yi masa bazata.

Sai daidaita matakin aiki. Aka kunna hayaniyar gwaji ta finki-noyis (huci mai haɗe da sauti mai kauri da mai tsini) a -20 dBFS, wato desibel 20 ƙasa da cikakken ƙarfin fayil, lasifika ɗaya a lokaci guda, mitar sauti a inda kansa ke zama, a ma'aunin C da karatu a hankali. Tsarin K na injiniyan sauti Bob Katz ya ɗauki desibel 83 a wannan gwaji, amma a ƙaramin ɗaki da tazarar mita ɗaya 83 yana da nauyi a kunne, don haka aka nufi 76. Lissafi ya ce za a same shi idan DAC ɗin yana -6 dB, mita ta nuna a -8 ne aka same shi, domin tebur da bango suna ƙara nasu. Aka rubuta -8 a matsayin matakin aiki. Sauraron yau da kullum ya faɗa wajajen -20 zuwa -25. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Mai zaman yini guda gaban lasifika ya kamata ya san lambar da yake aiki a kanta.

Abin da ya biyo baya

Siririyar ƙarar da gurnanin sun tafi gaba ɗaya, ko an ɗora wa katin hoto aiki. Da sun saura, mataki na gaba shi ne a jona kwamfutar ma ta wayar haske idan tana da ramin, ko a sa mai raba layin USB. Irin wannan saura yakan nuna cewa wata na'ura ta haɗa ƙafa ta 1 ta XLR da layin siginarta na ciki maimakon jikin akwati, matsalar da injiniyan sauti Neil Muncy ya bayyana a 1995, wadda ƙa'idar AES48 ta zo don gyarawa.

Sai dai sauti ya fito da wani baƙon hali: kauri ya ragu, murya ba ta tsaya a tsakiya ba, tana yawo a gefen kai. Aka sa maltimita a ma'aunin haɗuwa aka bi ƙafafun wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A waya guda an lika ƙafa ta 2 ta wannan kai da ta 3 ta wancan. Lasifika ɗaya tana turawa lokacin da ɗayar ke ja, sautin kauri yana kashe juna. Aka narka dalmar aka sauya zaren biyu, murya ta dawo tsakiya. Sabuwar waya tana zuwa da wannan aibi fiye da yadda ake zato, kuma gwajin minti ɗaya ne.

Talabijin ya ƙi magana da farko, a wasu tashoshi kuma sai wata ƙara mai tsini. Yana turo Dolby Digital ne, DAC na sitiriyo kuma PCM, wato lambobin sauti da ba a matse ba, kaɗai yake fahimta. Aka shiga saitin sautin talabijin aka zaɓi PCM. Rimot ɗin talabijin ba ya rage sautin da ke bin wayar haske a yawancin samfura, don haka na DAC ɗin ake amfani da shi.

Ƙa'idar kunnawa ita ce lasifika a ƙarshe, wajen kashewa kuma ita ce farko, don kada bugun tashin wata na'ura ya faɗa wa tuwita. Hucin yana nan yadda aka faɗa masa. An matsar da lasifikokin baya zuwa mita 1.2 a kan ƙafafunsu na musamman, daga kujera ba a jin sa sai an kai kunne kusa.

Abu ɗaya wannan haɗi ba zai ɗauka ba, kuma mai aikin ya tambaya: na'urar faifan garmaho. DAC ɗin ba shi da mashigar analog. Idan ranar ta zo, zai buƙaci firiyam na faifai, mai ƙarin kusan desibel 40 da gyaran RIAA (daidaita kauri da tsinin sautin faifai) da turjiyar om 47,000 ga allurar MM (mai motsa maganaɗisu), sannan akwatin zaɓe da ragewa mai mashiga biyu da mafita mai balans. A lokacin ne za a mayar da DAC ɗin yanayin mafita tsayayya ya shiga mashiga ta farko, faifan ya shiga ta biyu. Wayar da za ta ɗauko RCA zuwa XLR ta zama mai zare biyu da raga: tsakiyar RCA zuwa ƙafa ta 2, zare na biyu daga gindin RCA zuwa ƙafa ta 3, ragar zuwa ƙafa ta 1, kuma a haɗa zare na biyun da ragar a gefen RCA kaɗai.